Regen Kwal

Inna Jebbu ce ta koya mini sheƙa a bakin rumbu:
"Abin da iska ta ɗauke, ƙaiƙayi ne,
abin da ya faɗo gindin ƙwarya shi ne tuwon gobe."
Haka na tashi ina ganin girman nauyi.

Yanzu a Maiganga nake, ɗakin gwaji, gab da rami,
inda tifa ke hawowa tana nishi,
tagoginmu na kaɗawa.
Da hantsi Gidado zai dire mini buhu,
ya ce, "Ga na yamma da rami, jiya aka fasa,"
ya karkaɗe hularsa ya fita.

In daka, in tankaɗe, in auna.
Kwalabe biyar ne a gabana,
ruwan kowace ya ɗara na 'yar'uwarta kauri.
Rege ne dai, irin na shinkafa,
sai dai babu ƙwarya, babu waƙa,
kuma safar hannu tana sa ni gumi.

A kwalbar fari wasu ke tasowa,
baƙi wuluk, suna sheƙi kamar bayan buzuzu.
Itace ne tsantsa, daji ne da ya kwanta
tun ba a san za a yi mutum ba.
In na kai su tanda sukan ci har su manta da kansu,
tokar da za su bari
ba ta fi a lakata da ɗan yatsa ba.

Na tsakiya su ne masu shawara,
su sauka, su tsaya, su ɗan taso.
Fasa ɗaya ka gani:
ga yumɓu ya ratsa shi siriri-siriri
kamar jijiya a naman kasuwar Kumo.

Sai na ƙarshe,
wanda ko ruwa mafi kauri bai iya goya shi ba.
Tsulum, sai ƙasan kwalba.
Yashi ne, laka ce da ambaliyar dā ta shigo da ita,
da wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙyallin zinariya
waɗanda in sun ji wuta
sai ɗaki ya ɗau warin farar wuta, har ido ya kawo ruwa.
Fiye da rabinsa toka.
A littafi, layinsa ne na can ƙasa,
kuma ba mai saye da ke tambayarsa.

Ran Juma'a na ƙulle guda biyu a leda na kai gida.
Na ce, "Inna, zaɓi."
Ta ɗora ɗaya a dama, ɗaya a hagu,
ta jinjina kamar mai tayin doya,
ta miƙo mai nauyin.
Na yi dariya, na ji ni malama.

Muka sa su a murhu bayan an sauke tukunya.
Marar nauyin ya kama, ya yi ja, ya tafi abinsa.
Ɗayan ya yi ta hayaƙi yana tsaki,
har aka kira isha'i bai gama gardama ba.

Da asuba na tarar da ita tsugune.
Ta ciro shi, ya koma jaja-jaja, bai sake siffa ba.
Ta murtsuke shi a tafin hannu,
ta shinshina,
ta daɗe tana duban kudu,
inda gonar gyaɗarta take kafin a zo da injuna.

"Wannan ai ƙasa ce," in ji ta.
"Wa ya ce miki ƙasa tana cin wuta?"

Na buɗe baki zan faɗi kaso nawa cikin ɗari.
Ta riga ta ƙulle shi a bakin zane,
ta tashi ɗora koko.